Baƙon Gwamnati a Djougou

Tun da na dawo daga Dahomey ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya tambaye ni ko gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon sanda, wani kuma ya ce wai an ce na iyo Faransanci cikin mako biyu. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga yadda abin ya samo asali. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, mu shugabannin kwalejoji biyar da ke kan tsohuwar hanyar fatake muka haɗa kai: tamu ta horon malamai a nan ƙasar Kabi, ɗaya a Nijar, sai uku a Dahomey, wato Kandi da Parakou da Djougou. Dalilinmu ba shi da wuyar ganewa. Iyaye suna ciniki da juna da Hausa tun kaka da kakanni, amma yaran da muka koyar, wannan da Ingilishi wancan da Faransanci, ko takardar juna ba sa iya karantawa. Muka shirya kowace kwaleji ta riƙa tura 'yan ajin ƙarshe su yi shekara guda a Parakou a koya musu harsunan biyu, garin ya zama cibiyar karatu ta yankin duka. Ni aka ba shugabancin ƙungiyar. Abokaina sun ce cancanta ce. Ni dai abin da na sani shi ne na fita alwala ana tsakiyar taro, na dawo na tarar ana tafa mini.

Shekara guda na yi ina bin iyaye gida-gida kafin na samu goma sha biyu da suka yarda su ba ni 'ya'yansu. Ana nan sai ga wasiƙa daga Dirakta Sabi, shugaban kwalejin Parakou, cewa aiki ya tsaya. Hukumar ilmi ta can ta ce ba za ta buɗe azuzuwan ba sai da yaran Djougou, don su ne mafi yawa, iyayen Djougou kuwa sun ce 'ya'yansu ba inda za su. In har aka koma makaranta ba su sauya magana ba, shirin ya rushe, ni kuma sai in koma wa magidanta goma sha biyu in ce musu duk abin da na faɗa iska ne. Saura mako uku a koma. Na ce a raina, mutanen da ke jin Hausa ai ba za su gagare ni ba.

Muka tashi da sassafe a ƙarshen damina, ni da Ɗan'iya direban kwaleji. Ɗan'iya ya girme ni da kusan shekara goma, ya tuƙa babbar mota a wannan hanya tun kafin a yi gada a kan Kwara, kuma ra'ayinsa game da 'yan boko shi ne a lallaɓa su, amma kada a ba su wani abu mai fashewa su riƙe. Akwatina biyu ne. Ɗaya na tufafi, ɗayan kuwa na makamai: zanen gine-ginen da za a yi, da babbar taswira wadda na ja jan layi a kanta na haɗa garuruwan biyar, da jawabi shafi tara wanda na yi wata guda ina gogewa.

Mun wuce Kamba ke nan mun shiga ƙasar Nijar, sai na ga Ɗan'iya ya karkata motar ta koma hannun dama. Na ɗauka gyangyaɗi yake yi, na kai hannu na cafke sitiyari. Saura kaɗan mu shiga gonar gero. Ya taka birki, ya dube ni, ya ce cikin ladabi in riƙe takarduna in bar masa ƙarfensa, a ƙasar Faransa ta dama ake bi. Na san wannan a littafi, har na taɓa koyar da shi a aji. Daga nan har Gaya hannuwana suna kan gwiwoyina.

A Malanville, bayan mun ƙetare gada, jandarma ya ce in buɗe akwati. Yana warware taswirar ya ga jan layi ya ratsa iyakar ƙasa uku, sai fuskarsa ta sauya. Na fara yi masa bayani da Ingilishi, yana mayar mini da Faransanci. Na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga. Na koma ina maimaita kalma ɗaya a hankali kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya, shi kuma ya naɗe taswirar ya saka a hammata. Wata mata mai soya kifi a gefen rumfar ta gaji da mu, ta ce ba tare da ta bar juya kifinta ba: “Ku biyun nan, wa ya hana ku Hausa?”

Ashe mutumin ɗan Kandi ne, Hausa a bakinsa kamar tawa. Da na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, ya ce ai ni na fara yi masa Turanci, shi ne ya rama da nasa. Muka yi dariya, ya mayar mini da taswirata, har ya ce yana da ƙane a lakwal, wato makarantar boko, in shirin ya tabbata a tuna da shi. Na sayi kifin matar nan fiye da yadda muke buƙata.

Muka kwana a Kandi gidan shugaban kwalejin garin. A nan na fara ganin burodin da kuke ta tambaya. Bai kai sanda ba, amma ya kai kamu ɗaya da rabi, bayansa da tauri, cikinsa kuwa iska. Da safe ake ba ka shi da baƙin kofi a kwano, ka tsoma ka ci, shi ke nan an karya kumallo. Ni da na saba da koko da ƙosai, kafin hantsi cikina ya fara ƙara. Ɗan'iya bai bi ta kansu ba, kasuwa ya nufa ya sha furarsa.

Mun shiga Parakou rana ta take tsaka, muka zarce kwaleji, muka tarar da ƙofa a rufe. Mai gadi ya ce a dawo ƙarfe uku. Na ce masa shugaban ƙungiyar kwalejoji biyar ne ya zo daga Nijeriya. Ya ce madalla, shugaban ya dawo ƙarfe uku. Haka al'adarsu take: daga sha biyu zuwa uku ofis da makaranta da kanti duk a rufe, kowa ya tafi gida ya ci ya miƙe. Da farko na ga lalaci ne. Kafin in bar ƙasar na fara tunanin yadda zan shigo da abin cikin tsarin kwalejinmu.

Yunwa ce ta kai mu rumfar mahauta a bakin kasuwa, kuma nan na haɗu da Alhaji Gado. Babban mutum ne mai faɗin ƙirji, shi ke sayo shanu daga hannun Fulani a kasuwannin Borgu, mahautan rumfar duk a ƙarƙashinsa suke. Da ya ji Hausarmu ya san daga inda muka fito, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo balangu da wani cuku na Fulani da suke kira wagashi, wanda ake soyawa a jefa cikin miya. Ban taɓa cin irinsa ba, kuma har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Na ba shi labarin abin da ya kawo ni, da ɗan guntun jawabina, tun da ga mai saurare ya samu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in na isa Djougou in gaida masa Baba Sidi, gidansu da nasu sun daɗe tare. Na rubuta sunan a bayan littafina, wurin da nake rubuta ƙananan abubuwa.

Dirakta Sabi ɗan siririn mutum ne, ba Babarbare ba, ɗan ƙabilar Bariba, ɗan asalin ƙasar, mai kwat da taye ko da rana na narka kwalta. Yana ganina ya rungume ni ya kai kumatunsa ga nawa, dama da hagu, har sau uku. Na sandare ina kallon Ɗan'iya, shi kuwa ya juya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Hausar Dirakta ta kasuwa ce, Ingilishinsa kuma na littafi, amma mun fahimci juna sarai. Ya sauke ni a gidansa a unguwar Ganou, maiɗakinsa ta daka mana sakwarar sabuwar doya, na ci har na ji kunya.

Kwana biyu ya yi yana zagayawa da ni, kuma in faɗi gaskiya, garin ya shiga raina. Nan jirgin ƙasa da ke tasowa daga bakin teku yake ƙarewa, manyan motoci su kwashi kaya su yi arewa. In ka tsaya a tasha na ɗan lokaci za ka ji Bariba da Dendi da Fulatanci da Yarbanci da Hausa da Faransanci, wani lokaci a bakin mutum ɗaya. Na ce wa Dirakta yaron da ya yi shekara a nan ko bai shiga aji ba ya yi karatu. Ya kai ni wani fili wajen unguwar Albarika, ciyawa har ƙugu, ya riƙa nuna mini da sandarsa inda ɗakin karatu zai tsaya da inda za a yi ɗakin kwana mai gado arba'in. Awaki ne kawai a wurin, amma mu biyu gine-gine muke gani, kuma na yi farin ciki ƙwarai a wannan yammaci.

Rana ta uku muka kama hanyar Djougou, ni da Dirakta da Ɗan'iya. Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya cinye ta a wurare da yawa. Sau biyu muka fito muka tura mota, Dirakta da kwat ɗinsa, har wasu mata masu ɗauke da doya suka ajiye kayansu suka tsaya kallo. Da la'asar muka iso bakin gari, wanda tsofaffi ke kira Zugu. A gindin wani mangwaro wani magidanci mai keke ya ɗaga mana hannu. Ya gaishe mu, ya ce Baba Sidi ne ya aiko shi, tun azahar yake jira, an ji Bakabe na tafe, masauki yana nan a shirye.

To, a nan na yi abin da na yi. A aljihuna akwai takarda mai hatimi wadda ta ba ni ɗaki a masaukin gwamnati. Na ga kuma bai dace shugaban ƙungiya ya sauka gidan ɗaya daga cikin iyayen da ya zo lallashi ba, kada sauran su ce ya ɗauki ɓangare. Na yi wa mutumin godiya mai kyau, na ce ba na so in ɗora wa Baba nauyi, gobe in sha Allahu za mu gaisa a wurin taro. Ya dube ni, ya dubi Ɗan'iya, ya ce to, ya hau kekensa. Dirakta ya ce na yi daidai. Ɗan'iya kuwa sai da ya sauke mana kaya sannan ya ce tun da ba a tanadi ɗakin direba ba, shi zai nemi wurin kwana a cikin gari.

Washegari aka yi taro a babban ajin kwalejin Djougou. Dattawa kusan talatin suka zo, manyan riguna da rawuna, suka zauna a kan bencin yara gwiwoyinsu na taɓa tebur. Baba Sidi yana gaba, tsoho fari siriri, da sanda a tsakanin ƙafafunsa. Na rataye taswira, na baje zane, na yi jawabina shafi tara ban tsallake layi ba. Na yi musu maganar jirgin ƙasa da lantarki da asibiti da gado arba'in. Ba wanda ya katse ni. Da na gama suka ce madalla, Allah ya saka, wani ya yi addu'a, aka shafa, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Takardar da na ajiye don a rubuta sunayen yara tana nan fara fat. Duk da haka na ce wa Dirakta ai sun ji daɗin jawabin, shawara kawai za su je su yi.

Ɗan'iya ne ya sauko da ni. Ya same ni a barandar masauki ina gyara shafi na bakwai, ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce:

“Malam, jiya an yanka maka rago. Ni na ci kasonka.”

Ashe gidan Baba Sidi ya kwana. Ya ce tun zamanin ayarin goro duk Bakaben da ya shigo Djougou a wannan gida yake sauka, akwai ɗakin da ake kira ɗakin Kabawa, an share shi an shimfiɗa sabuwar tabarma domina. Ya ce a garin nan baƙo ba ya magana da bakin kansa. Mai masaukinsa ne ke tsaya masa, in ya yi alkawari shi za a riƙe, in ya yi ƙarya shi za a tambaya. Ni kuwa da na sauka a ɗakin gwamnati, sunan da aka sa mini a gari shi ne baƙon gwamnati, kuma gwamnati ba ta da zauren da za a je a yi mata sallama. Ya ce dattawan sun zo taron ne don kada a ce sun wulaƙanta baƙo, amma ba abin da suka ji.

Na ji kunya irin wadda na daɗe ban ji ba. Kakana bafatake ne, da labarin masu masauki aka yaye ni, amma na ɗauka abu ne na da, ya tafi tare da jakuna. Na tambayi Ɗan'iya me ya hana shi gaya mini tun a gindin mangwaro. Ya ce ya ga ina da takarda mai hatimi.

Kafin azahar na kwashe akwatunana na tafi gidan Baba Sidi. Na shirya doguwar ban haƙuri, amma bai bar ni na kai rabi ba. Ya ce baƙo ya iso, a kawo ruwa. Aka kai ni ɗakin Kabawa. Gidan babba ne, ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, kowane da mutanen garin da ke sauka a cikinsa, ga huhunan goro a rumfa, mata na zaune suna tsince wanda ya lalace suna sake naɗe mai kyau da ɗanyen ganye. Da yamma na ɗauko maganar makaranta, Baba ya tambaye ni ya ruwan bana a Kabi. Washegari na sake ɗaukowa, ya tambaye ni sunan mahaifina da kakana da unguwarmu, ya ce ya san wani mutumin unguwar da ya yi jinyar kwana arba'in a ɗakin da nake. Ɗan'iya ya ja ni gefe ya ce in haƙura, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya kwana uku. Ni kuwa ina ƙirga kwanakin da suka rage a koma makaranta, abinci na wucewa da ƙyar, ko da yake ban bar komai a kwano ba.

Rana ta huɗu bayan sallar asuba Baba ya kira ni zaure, ya ce yanzu in faɗi abin da ke tafe da ni. Na miƙa hannu zan ɗauko jawabi, ya ce wancan ya riga ya ji shi.

“Malam,” in ji shi, “ba lakwal muke gudu ba, da muna gudunta da ba ka tarar da yaranmu a ciki ba. Amma mu a gidan nan ko huhun goro ba mu taɓa turawa garin da ba mu da mai masauki ba. Ka nuna muna ɗaki mai gado arba'in. In yaro ya kwanta zazzaɓi, gadon za mu tambaya?”

Na ce akwai Dirakta. Ya ce Dirakta mutumin kirki ne, amma ma'aikaci ne, gobe takarda na iya zuwa ta ɗauke shi zuwa kudu. Shi yana son mutumin da kabarin ubansa ke Parakou. Sai a lokacin na tuna da bayan littafina. Na ce Alhaji Gado mahauci ya ce in gaishe shi. Baba ya ɗago kai ya tambaye ni yaushe ya ba ni saƙon. Na ce kwana bakwai ke nan. Ya ce gaisuwar ta yi doguwar tafiya, amma ya amsa.

A ranar aka ba direban wata motar goro saƙo. Kwana biyu bayan haka sai ga Alhaji Gado ya sauko daga gaban motar shanu, tare da wani tela daga Albarika da ƙanen limamin unguwarsu. Aka sake taro, wannan karon a zauren Baba Sidi, a kan tabarma, ni a gefen mai masaukina. Ban buɗe akwati ba. Baba ya ce wannan baƙonsa ne, abin da ya faɗa a aji ranar nan shi ya tsaya masa. Daga nan magana ta bar hannuna. Sai ka ji wani dattijo ya ce kakansa gidan su wane yake sauka a Parakou, Alhaji Gado ya ce gidan yana nan, jikan ne ke riƙe da shi, zai karɓa. Aka tsaya a kan cewa yara za su kwana a ɗakin kwaleji, amma kowane yana da gidansa a gari, can zai ci abincin Juma'a, can za a kai shi in ba shi da lafiya, mai gidan ne kuma zai amsa in iyaye sun tambaya. Dirakta ya ɗan ɓata rai don ba haka dokar makaranta ta tsara ba, amma daga baya ya ce dakor, wato ya yarda.

Na ɗauka an gama. Sai Alhaji Gado ya ce yaran Kabi ma ai sai an raba musu gidaje, in karanto sunayensu da na iyayensu. Na karanta goma sha biyu cif, ina jin daɗin kaina. Baba Sidi ya jira na ninke takardar, sannan ya ce:

“Ban ji naka ba, Malam. Ko Allah bai ba ka ba tukuna?”

Ban gaya muku wannan tun farko ba, don ni ma ban bari ya zo mini a rai ba. Ina da ɗa a wannan ajin, tare da yaran nan goma sha biyu yake zama, kuma tuni na samar masa gurbi a Zariya. Abin da na riƙa gaya wa kaina shi ne kada a ce shugaba ya fifita nasa. Gaskiyar kuwa tsoro nake ji. Ƙasar wasu ce, da nisa, ga harshen da ban iya ba. Shekara guda ina ce wa iyaye su kwantar da hankalinsu, nawa ɗan kuwa na ɓoye shi a bayana. Da zan iya cewa yaron ƙarami ne, ba wanda zai sani, in ban da Ɗan'iya da ke zaune a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Na warware takardar, na ciro alƙalami, na rubuta na goma sha uku. Da na zo karantawa sai bakina ya ƙi, don tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Na miƙa wa Dirakta. Ya dube ni yana mamaki, ya raɗa mini cewa ai rubutuna ne, in karanta mana. Alhaji Gado ne ya gane.

“Karanta masa, Dirakta,” ya ce. “Ɗan fari ne.”

Dirakta ya karanta. Baba Sidi ya juya ya ce wa Alhaji Gado wannan a gidan Alhajin zai sauka, ba gidan wani ba. Alhaji ya ce ya karɓa. Daga nan wani dattijo a can baya ya faɗi sunan ɗansa, na kusa da shi ya faɗi na jikansa, Dirakta yana rubutawa har takardar ta cika ya juya bayanta. Aka yi fatiha.

Muka baro Djougou da goro ƙwarya guda da doyar kasuwar Kolokonde wadda ta kusa karya mana mota. A Parakou na sake zuwa wurin Alhaji Gado, wannan karon na shiga har cikin gidansa, na ga ɗakin, na gaida uwargidansa ta bayan labule, na duba rijiya, na tambayi nisan asibiti, har Ɗan'iya ya ce in na ci gaba za a ɗauka gidan zan saya. A Malanville mai kifi ta gane ni, ta tambaye ni yau da wane harshe zan yi faɗa.

Yaron da na gaya masa murna ya yi, shi jirgin ƙasa kawai yake son gani. Mahaifiyarsa ce ban san yadda zan tunkara ba. Na faɗa mata a tsaye, ina kallon bango. Ɗan fari ne a wurinta ita ma, ba ta da bakin magana a kansa. Ta wanke masa kaya, ta ɗaure masa ƙullin yaji da busasshen kifi ta ba ƙanwarsa ta kai masa. Ranar da motar ta tashi da su goma sha uku ba ta fito ko zaure ba.

Kwana tara bayan tafiyarsu wani mai shanu ya yi sallama a ƙofar gidana, ya ciro wata 'yar takarda daga cikin hularsa, ya ce daga Alhaji Gado. Da ajami aka rubuta ta, layi huɗu. Na shiga gida na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida. Na tsaya daga nesa kamar mai karanta wa kansa, na ɗaga murya kaɗan: bayan gaisuwa, yaro ya iso lafiya, ya ci tuwo ya ƙara, yana sallah a kan lokaci, daga yau ba naku ba ne ku kaɗai.

Ba ta ɗago ba, rariya na ta kaiwa da komowa a hannunta. Na ninke takardar zan fita, sai na ji ta ce a hankali:

“Malam, ban ji wajen tuwon nan da kyau ba. Sake karantawa.”